BABI NA UKU: FIM ƊIN PALAVER NA 1926, TAURARINSA DA YADDA AKA ADANA SHI

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan yadda majigi da silima suka shigo ƙasar Hausa a zamanin mulkin Turawa. A wannan babi kuwa za a ɗauki fim guda ɗaya a yi masa nazarin ƙwaƙwaf, wato Palaver, wanda wani Bature ɗan Ingila mai suna Geoffrey Barkas ya shirya a 1926 a ƙarƙashin kamfanin British Instructional Films. Fim ne maras magana, irin wanda wasu ke kira beben fim, kuma manazarta da dama suna ɗaukar sa a matsayin dogon fim mai labari na farko da aka ɗauka a Nijeriya. An ɗauke shi ne a tsaunukan Filato, a cikin ƙabilun Sura da Angas, waɗanda a yau aka fi sani da Mwaghavul da Ngas, mazauna yankunan Mangu da Pankshin.

Mai karatu na iya tambaya, me ya haɗa kifi da kaska? Wato me ya kai ɗalibin Hausa ga fim ɗin da ba Bahaushe ya shirya ba, kuma ba a ƙasar Hausa aka ɗauke shi ba? Amsar ita ce, labarin fim ɗin ya ginu ne a kan haƙar kuza, ita kuwa kuzar Jos da Bukuru ta ci ƙarfin Hausawa masu yawa da suka je lebura. Abin da ya fi wannan muhimmanci ga wannan kundi shi ne, fim ɗin ya yi kusan ƙarni guda yana nan ana iya kallon sa, alhali fina-finan Hausa da aka yi shekaru hamsin ko sittin bayansa sai da aka shiga cigiyar su. Babin zai yi ƙoƙarin nuna cewa wanda ya ajiye fim shi ke riƙe da bakin mutanen da ke cikinsa.

3.1 Labari da Jigo

Labarin bai da wani sarƙaƙiya. Akwai Di'o mai suna Kyaftin Peter Allison, akwai Baturen kuza mai suna Mark Fernandez, sannan akwai wata Baturiya ma'aikaciyar jinya mai suna Jean Stuart wadda su biyun suke so. Fernandez yana bukatar lebura a wurin haƙarsa, don haka ya riƙa sayen zuciyar Sarki Dawiya da barasa, abin da dokar Turawa ta hana a Arewa. Da Allison ya gano, sai Fernandez ya zuga sarkin har ya ɗaura yaƙi, duk da gargaɗin da bokansa Yilkuba ya yi masa tun farko. A ƙarshe Di'o ya kashe wutar, mugu ya gamu da sakamakonsa, Allison ya sami Jean.

Idan aka kalli zubin labarin sama-sama, sai a ce jigonsa soyayya ce da kishi tsakanin maza biyu, domin har a cikin cikakken sunan fim ɗin an kira shi labarin soyayya na Nijeriya ta Arewa. Amma a ganin mai wannan bincike, soyayyar zuma ce kawai aka shafa a bakin ƙwarya. Babban jigon shi ne halatta mulkin mallaka, wato a nuna wa mai kallo a Ingila cewa mutanen nan ba za su iya zama lafiya ba sai da Di'o a kansu. Duk wata fitina da ta tashi a fim ɗin, Bature ne ya kunna ta, Bature ne kuma ya kashe ta. Sarki da jama'arsa suna tsakani kamar ƙwallo.

Akwai wata dabara da ya kamata a lura da ita wajen sanya suna. An ba mugun tauraro sunan Fernandez, wanda suna ne na mutanen Sifen. Shi kuwa na kirki an ba shi suna na Ingilishi tsantsa. Ke nan ko da fim ɗin ya yarda cewa akwai Bature azzalumi a wurin kuza, ya yi wayon ɗauke laifin daga kan 'yan Ingila ya ɗora wa mai baƙon suna. Haka kuma ya mayar da matsalar lebura ta zama halin mutum ɗaya mashayi, alhali tarihi ya nuna tsari ne na gwamnati. Haraji shi ke korar talaka zuwa ramin kuza neman kuɗi, kuma daga 1942 zuwa 1944, lokacin yaƙin duniya na biyu, gwamnatin da kanta ta riƙa kwasar mutane da ƙarfi daga lardunan Arewa, abin da Hausawa suka kira ɗiban gwamna. A lokacin ɗiban gwamna babu wani Fernandez da za a ɗora wa laifi, domin ta ofishin Di'o da hannun hakimai da dagatai umurnin ya biyo.

3.2 Taurari

Taurarin fim ɗin sun kasu gida biyu, kuma yadda aka rubuta sunayensu ma kaɗai ya isa nazari. Haddon Mason shi ya fito a matsayin Allison, Reginald Fox ya fito a matsayin Fernandez, Hilda Cowley kuma ta fito a matsayin Jean Stuart. Waɗannan kowa da sunansa da na gidansu, kuma mai son bin sawun Mason ko Fox zai same su a wasu fina-finan Ingila na wancan zamani. Shi kansa Barkas tarihinsa a rubuce yake daki-daki: ya sami kyautar Oscar a kan fim ɗin Wings Over Everest na 1934, ya yi aiki a King Solomon's Mines na 1937, a yaƙin duniya na biyu kuma shi ya shugabanci sashen ɓad da kama na sojan Ingila a Gabas ta Tsakiya, inda aka yaudari Jamusawa da tankokin bogi kafin yaƙin El Alamein a 1942. (Ba abin mamaki ba ne mutumin da ya ƙware wajen nuna wa ido abin da ba shi ne ba ya yi fim irin wannan.)

Gida na biyu su ne 'yan ƙasa. Waɗanda suka fito a matsayin sarki da boka an ambace su da suna ɗaya tilo, babu na uba, babu na gari. Sauran jama'a kuwa, masu rawa da mayaƙa da leburori da mata da yara, waɗanda su ne suka cika hoton, ko suna ba a ba su ba. A al'adarmu idan an ce wane ɗan wane, ko wane na gari kaza, an ba mutum asali ke nan, ana iya zuwa a tambayi jikokinsa. Wanda aka kira da suna ɗaya kamar bara, an yanke wannan igiya.

Duk da haka, idan za a yi adalci, ɓangaren 'yan ƙasa shi ne ya fi rai a fim ɗin. Wasan Turawan uku wasa ne irin na beben fim: zare ido, dafe ƙirji, juya baya cikin fushi, duk an ƙara musu gishiri don mai kallo ya gane ba tare da jin magana ba. A yau abin yakan ba da dariya. Su kuwa mutanen tsauni ba su koyi wannan salo ba, saboda haka tafiyarsu da zamansu da yadda suke riƙe makami nasu ne na yau da kullum. Inda duk kyamara ta bar soyayyar Allison ta juya ga gari da duwatsu da taron jama'a, nan ne mai kallo zai gyara zama. Barkas ya ɗauke su ne don su zama ado a bayan taurarinsa, sai ga shi bayan shekaru adon ne ya fi daraja, domin fina-finan soyayya irin wannan an yi ɗaruruwa, amma hoto mai motsi na mutanen Filato a 1926 ba shi da yawa.

Sai dai kada a ruɗu a ɗauki duk abin da aka gani a matsayin al'ada tsagwaronta. Mai riƙe da kyamara shi ya zaɓi abin da za a ɗauka, shi ya ce a tsaya nan, a ruga can, a ɗaga mashi. Yaƙin da aka nuna shiri ne. Saboda haka mai nazarin al'ada dole ya yi tankaɗe da rairaya kafin ya kafa hujja da shi.

3.3 Wa Ke Magana a Beben Fim?

Kalmar palaver ta samo asali ne daga harshen Fotugal, inda take nufin kalma ko magana, kuma a bakin Turawan gaɓar teku ta koma nufin doguwar tattaunawa ko ka-ce-na-ce da 'yan ƙasa. Abin lura a nan shi ne, fim ɗin da aka raɗa wa suna magana ba a jin muryar kowa a cikinsa. A irin waɗannan fina-finai, idan tauraro ya motsa baki, sai a yanke hoton a sako allo mai rubutu da ke faɗin abin da ya ce. Fim mai magana bai yaɗu ba sai bayan The Jazz Singer na Amurka a 1927.

Ga tauraron Bature wannan ba asara ba ce sosai, domin abin da ya faɗa da Ingilishi shi ne dai aka rubuta da Ingilishi. Ga Dawiya da Yilkuba kuwa lamarin ya sha bamban. Bakinsu yana motsi da harshensu, allo kuma yana fitowa da abin da marubucin fim ya ga dama. Babu wanda ya isa ya ce ba haka suka faɗa ba, tun da masu kallo a London ba su jin harshen, su kuwa masu harshen ba domin su aka yi fim ɗin ba. Ko Kano, babban birnin ciniki, ba ta sami gidan silima ba sai 1937 da aka buɗe Rex. Haka allunan suka siffanta mutanen a matsayin marasa wayewa, masu jiran Bature ya raba su da duhun kai. A nan dole mu ma mu yi wa kanmu faɗa, domin kalmomin raini da Hausawa suka daɗe suna jifan mutanen tsauni da su ba su da nisa da abin da allunan suka rubuta.

Wannan matsala ta mai magana a madadin hoto ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Brian Larkin, a littafinsa na 2008 a kan Kano, ya yi bayanin yadda motar majigi ke yawo gari-gari, ana kafa farin ƙyalle a fili da dare, wani ma'aikaci yana riƙe da lasifika yana fassara hoton da Hausa. Dattawan da mai bincike ya zanta da su a Dutsin-Ma da Kurfi sun tuna da haka, kuma abin da ya fi zama a ransu shi ne barkwancin mai bayani, fiye da hoton kansa. Bambancin kawai shi ne, mai bayanin majigi yana gaban jama'a, idan ya yi ƙarya wani zai iya ɗaga murya ya ƙaryata shi. Allon Palaver kuwa an manne shi a jikin fim, yana nan yana maimaita maganarsa tun 1926.

3.4 Adana Fim: Sa'a ko Gata?

Kafin a fahimci darajar rayuwar Palaver, sai an san irin abin da ake ɗaukar fim a kansa a wancan zamani. Zaren fim na farko da sinadarin naitiret ake yin sa, wanda ɗan'uwan albarushi ne. Yana kama wuta da ɗan zafi kaɗan, idan ya kama ko a cikin ruwa aka tsoma shi ba lalle ya mutu ba, idan kuma aka bar shi a ajiye cikin zafi sai ya yi danƙo, ya manne, daga baya ya koma gari. Kanawa sun ga aikin wannan sinadari a ranar Lahadi 13 ga Mayu 1951, lokacin da wuta ta tashi daga ɗakin na'ura a silimar El Duniya ta hallaka mutum 331. A daidai wannan lokaci ne kamfanoni suka daina yin zaren naitiret suka koma na asitet. Shi ba ya cin wuta haka, amma yana da tasa cutar: a wuri mai zafi da laima yakan fara warin tsami, ya motse, ya lanƙwashe har hoton ya lalace.

Ko a Amurka, inda aka fi kowa kuɗin fim, asarar ba kaɗan ba ce. Binciken da David Pierce ya yi wa Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka, wanda aka fitar a 2013, ya ƙirga dogayen bebayen fina-finai 10,919 da aka yi a ƙasar daga 1912 zuwa 1929. Kashi 14 cikin 100 ne kawai suka rage a cikakkiyar siffarsu ta asali, kashi 70 kuwa sun ɓace ƙurmus. Wasu gobara ta cinye, kamar wadda ta tashi a rumbun kamfanin Fox a 1937. Wasu kuma kamfanonin da kansu suka lalata, don a ganinsu fim maras magana ya gama amfani, gara a narka shi a cire 'yar azurfar da ke jiki.

Wani misali daga can zai ƙara haska abin da ake nufi. A 1915 D. W. Griffith ya fitar da The Birth of a Nation, fim ɗin da ya ci mutuncin baƙaƙen fatar Amurka, kuma wannan fim bai taɓa ɓata ba. A 1920 wani baƙar fata mai suna Oscar Micheaux ya fitar da Within Our Gates, tare da tauraruwa Evelyn Preer, inda ya nuna zaluncin da ake yi wa mutanensa. Shi wannan sai ya yi ɓatan dabo shekaru da dama, har aka tsinci kwafi ɗaya tak a ma'ajiyar fina-finai ta ƙasar Sifen da sunan La Negra. Da aka gyara shi a 1993, kusan duk allunansa na Ingilishi sun riga sun salwanta, dole aka sake fassaro su daga Sifananci. Fim ɗin Micheaux na farko kuwa, The Homesteader na 1919, yana cikin ɓatattu.

Da wannan ma'auni za a auna Palaver. Ya rayu ne domin an koma da shi Ingila, daga baya ya shiga hannun ma'ajiyar Cibiyar Fina-finai ta Biritaniya, wato BFI, inda ake da ɗakunan sanyi da ma'aikata da kuɗin sake kwafe tsohon zare. Wannan gata ne, kuma gatan bai rasa nasaba da cewa labarin na masu mulki ne.

Sai a kwatanta da Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihu. Fim ne na Hausa, mai magana, wanda gwamnatin Nijeriya ta ɗauki nauyinsa, kuma ya zo shekara 50 cif bayan Palaver. Amma ɗalibai sun yi shekaru suna karanta sunansa a littattafai ba tare da sun gan shi ba, har aka ɗauka ya ɓace. Sai a 2016 aka gano zarensa cikin tarin gwangwanayen fim na Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, a binciken da Didi Cheeka ya taka rawa a ciki. Cibiyar Arsenal ta Balin ce ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018. Wato shi ma sai da ya je Turai ya dawo kafin jikokin masu shi su gan shi.

Idan fim ɗin gwamnati ya sha da ƙyar, ina ga na 'yan kasuwa? Fina-finan bidiyo na Kano, tun daga Turmin Danya na 1990, a kan kaset aka yi su, shi kuwa kaset ya fi zaren fim saurin mutuwa: zafi yana manne shi, fumfuna tana cin sa, na'urar da ke kunna shi ma ta zama sai an tona. Mai bincike ya gwada wannan a gida. Daga cikin tsofaffin kaset da aka tarar a wani kwali a ɗakin ajiya, waɗanda suka sha zafin bazarar Dutsin-Ma shekara da shekaru, da aka samo bidiyo aka saka su, yawancinsu layi-layi kawai suke nunawa, wani ma na'urar ta tauna shi. Ɗan wasan Hausa da ya yi suna a 1995 yana iya rasa hoto ɗaya mai motsi da jikansa zai gani, alhali bokan Palaver na 1926 yana nan.

Akwai ma'ajiyar fim da bidiyo da sauti ta ƙasa a Jos, a ƙarƙashin Hukumar Fina-finai ta Nijeriya wadda aka kafa a 1979, kuma tsakaninta da ƙasar Mwaghavul da Ngas tafiyar 'yan sa'o'i ce a mota. A ra'ayin mai bincike, aikin da ya kamata a yi wa Palaver ya wuce a ce an sami kwafi an ajiye. Labarin Within Our Gates ya nuna cewa allon beben fim abu ne da ake cirewa a sake. Saboda haka ana iya ɗaukar fim ɗin a kai shi Panyam da Pankshin a nuna wa dattawa, a bar su su faɗi sunan dutsen da aka gani, da irin rawar da aka taka da lokacin da ake yin ta, da gidan da wane ya fito idan akwai mai shaida kama. Inda fuska ta fito kusa, masu harshen suna iya gwada karanta motsin baki su ji ko abin da sarki ya faɗa ya yi daidai da abin da allo ya rubuta. Daga nan sai a yi sabon kwafi mai alluna biyu, na Barkas a bar shi yadda yake don shaida, a ƙara na masu ƙasa da harshensu da kuma Hausa. Dattawan da suka ji labarin zuwan masu kyamara daga bakin iyayensu, idan akwai sauransu, yanzu sun haura shekara tamanin.